Lalle a Ƙeyar Mage

Asabar, da hantsi

Na zo gida hutu da niyyar in yi barci in ci ɗanwaken Inna, sai na tarar Ƙafin Maiyaki ba ta da zance sai na maguna. Tun a kan babur ɗan acaɓa ya fara ba ni labari. Wai magunan layin 'yan hatsi sai mutuwa suke yi: yau ka ga mage tana tsalle a kan buhu, gobe ta sunkuyar da kai a bakin kwanon ruwa ba ta sha, sai amai sai zawo, jibi a tona rami. Ya ce ai kowa ya sani, guba wani ya zuba. Na ce wa? Ya ce ni 'yar gidan wa ce. Na ce gidan Malam Habu mai hatsi. Daga nan har ya sauke ni hanya kawai yake kallo.

Inna ce ta ƙarasa mini. Da aka shigo da sabuwar masara ɓeraye suka addabi Baba a sito, ya sayo maganin ɓera ya gauraya da garin kifi ya ajiye bayan buhuna. Sitonsa kuwa bango ɗaya ne da na Baba Rufa'i, amininsa tun kafin a haife ni, wanda suke ciyayya tare a ƙofar gida kowace magariba. Baba Rufa'i yana da wata mage, Gimbiya, wadda in an yi yanka a gidan ita take fara ɗanɗana hanta kafin 'ya'yansa. Ba a daɗe da ajiye maganin ba Gimbiya ta mutu. Bayan 'yan kwanaki aka yi magana a ƙofar masallaci, gaban jama'a. Inna ta maimaita mini abin da aka faɗa, ni kuwa ba zan rubuta shi ba. Tun ranar ba a sake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ba.

Ni dai aikina kenan a Zariya, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi, kullum ina kallon jini da kashi a cikin kwalba. Abin da ɗan acaɓan nan ya kwatanta na san shi kamar yunwar cikina. Akwai wata ƙwayar cuta da take cin hanjin maguna, sunanta na Turanci ya fi magen tsawo, tana kashe ƙanana da sauri har mutum ya rantse guba ce. Sai dai in na faɗa da baki za a ce 'ya ce take kare ubanta. Dole sai na nuna. Barcin hutu dai ya tafi.

Asabar, bayan magariba

Baba ya ci tuwo a tsakar gida. Inna ta rasa inda za ta zauna, don tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin yadda yake cin tuwon dare ba. Bai ci na kirki ba ya wanke hannu.

Lahadi, da safe

Na gaishe shi, na ce ina ganin cuta ce take kashe magunan, ba maganinsa ba. Ya ce to. Na ce zan iya gwadawa a wurin aiki. Ya ce to, sannan ya tambaye ni ko an samu ruwan ƙarshe a Zariya. Baba in ba ya son magana sai ya koma kan damina.

Na kira Bature, abokin aikina, ya ce zai ba direba ƙananan kwalabe ya taho mini da su. Sirinji da safar hannu akwai a kemis.

Litinin, bayan azahar

Yau na zaga gidaje da kular ƙanƙarar Inna a hannu. Abu biyu nake nema. Na farko kashin magen da take cikin ciwo, a nan ake kama ƙwayar cutar ita kanta. Na biyu jinin waɗanda suke tsaye da ƙafarsu a gidajen da aka yi mutuwa. Jiki in cuta ta shige shi yakan ƙera mata garkuwa, garkuwar kuma ana iya auna yawanta a jini. Amma awo ɗaya ba ya cewa komai, don wata magen tun bara ta gamu da cutar ta warke. Sai an ɗiba yau, an sake ɗiba bayan kamar sati biyu daga wannan magen dai, ba 'yar'uwarta ba. In garkuwar ta yi tsalle tsakanin awon biyu, to yanzu aka yi yaƙin.

Matsalar ita ce magunan garinmu ba su da kati, yawancinsu ba su da suna, gida ma ba ɗaya suke da shi ba. Da safe na Gwaggo Hasiya maƙwabciyarmu ne, da yamma na mai tuwo-tuwon bakin tasha. Sai na roƙi Inna ta kwaɓa mini lalle. Duk wadda na ɗebi jininta sai in ɗiga mata a ƙeya, inda harshe ba ya kaiwa: wannan ɗigo ɗaya, waccan biyu, waccan zane a kwance. Manya kawai na zaɓa, masu hasken gashi, don ƙananan ba su da jinin da za a ɗiba, baƙaƙe kuma lalle ba ya nunawa a jikinsu. Na yaba wa kaina sosai da wannan dabarar.

Mata ne suke riƙe mini, su naɗe mage a zani tamau kamar za a goya ta, su fito da hannu ɗaya. Gwaggo Hasiya ta ce ashe duk karatun nan na kwasar kashin mage ne, da an sani da an bar ni a gida na fara tun ina ƙarama. Na ce mata ai ko yanzu ina neman mataimakiya. Ta bi ni da muciya har zaure. Hannuna duk yakushi, amma na yi dariya yau fiye da duk watan jiya.

Talata, da hantsi

Gwaggo Saudatu, matar Baba Rufa'i, ta leƙo ta kan katanga ta ce maigidan ya tafi Tudun Wada sarin shinkafa, in zo maza. Na shiga kamar ɓarauniya, gidan da na koyi rarrafe a cikinsa. Akwai ɗan Gimbiya, wani farin muzuru mai suna Kwamanda, kwano ɗaya suke ci da uwarsa. Ya rame, jikinsa da zafi, ya daina cin abinci, amma da ya ga allura sai ya tuna shi kwamanda ne. Na ɗebi jinin, na ɗiga masa lalle ɗaya a tsakiyar ƙeya.

Na tambayi Gwaggo inda aka binne Gimbiya. Ta nuna mini gindin lemo. Ta riga ta kwana da yawa a ƙasa, kuma ko da ba haka ba, wa ya isa ya tona ramin nan. Gwaggo ta ce maigidan ma a ɗaki yake cin abinci, yana yi mata mitar gishiri a miyar da shekara da shekaru bai taɓa kushewa ba. Muka kalli juna, ta ce tsofaffin nan sun fi yara wahala.

Laraba, bayan magariba

Baba ya ci tuwo a tsakar gida.

Alhamis, bayan la'asar, Zariya

Na shiga ɗakin gwaji da kular Inna, Bature ya ce ko kunun aya na kawo masa. Da ya buɗe ya gani.

Farantin gwajin na roba ne, mai ƙananan ramuka jere-jere, kamar tandar waina ta 'yar tsana. A ramin farko ake zuba ruwan da aka tace daga kashin, a ɗebi rabi a kai na biyu a tsinka, a ɗebi rabin wannan a kai na uku, haka har ƙarshen layi, kowane rami rabin ƙarfin wanda ya gabace shi. Sai a bi su duka da ɗigon jajayen ƙwayoyin jini da aka wanke, a sa a firij a jira. In babu cutar, jinin yakan gangara ƙasan rami ya dunƙule kamar maɓallin riga. In tana nan sai ta liƙe ƙwayoyin jinin da juna, su shimfiɗu su rufe ramin. Iya nisan da shimfiɗar ta kai a layi, iya yawan cutar kenan.

Ita kuma wannan cutar tana da tsirfa, ba kowane jini take kamawa ba, ta fi son na alade. Bature ne yake samo mana, shi Kirista ne ɗan Riruwai, yana da 'yan'uwa masu kiwo. Ni safar hannu biyu nake sawa, shi kuma kullum sai ya tambaye ni ko ya ƙaro ta uku. Inna ba ta san wannan ɓangaren aikina ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Gwajin ba ya son zafi ko kaɗan, don haka na zauna gaban firij ina roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Da muka fito da farantin, shimfiɗa ce tun daga ramin farko har kusan ƙarshe. Don kada a ce wani abu ne daban ya liƙe jinin, muka sake yi, wannan karon da garkuwar cutar da muke ajiye da ita. Ta tare ta, jini ya koma maɓalli. Ita ce, babu tantama. Na yi rawa da farar riga a jikina, ban ji kunyar kowa ba.

Bature ya bari na gama, sannan ya ce wannan ya nuna cutar tana gari, amma bai ce komai a kan magen da ake rigima a kanta ba. Na ce na sani. Ya ce ya san na sani. Mutumin nan in yana da gaskiya ya fi ba da haushi.

Asabar, bayan azahar

Na dawo gida na nuna wa Baba hoton farantin a waya. Ya riƙe wayar nesa da ido ya daɗe yana kallo, na yi masa bayanin maɓalli da shimfiɗa. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba. Sannan ya miƙo mini wayar.

"Ta Rufa'i fa?"

Na ce ana kan aiki. Ya ce masarar bana ta yi kyau a wajen Doguwa.

Sauran ranar na bi gidaje ina cewa a ware marasa lafiya, a wanke kwanuka da daɓe da ruwan bilic, don cutar tana daɗewa a ƙasa ba ta mutu ba. Na ce akwai ma allurar riga-kafi ta maguna. Nan aka yi mini dariyar da ta fi ta ranar Litinin.

Talata, da yamma, Zariya

Hutu ya ƙare, na koma bakin aiki. Jinin farko yana cikin ƙanƙara yana jiran na biyu. Inna ta kira ta ce mata sai sa mini albarka suke yi, wai aikina yana ci. Ban tambayi wane aiki ba, daɗi kawai na ji.

Alhamis, bayan magariba, Zariya

Na tambayi Inna a ina Baba ya ci abinci. Ta ce in daina tambaya.

Asabar, da hantsi

Innalillahi.

Asabar, bayan la'asar

Yanzu na samu zama, bari in rubuta.

Magen farko da na gani da na sauka a mota, baƙa ce, amma wuyanta da kunnenta sun yi dumu-dumu da busasshen lalle. Ta biyu ja ce tun daga kai har gadon baya. A layin 'yan hatsi na ga wata da lalle ƙafa huɗu kamar amarya. Na iso gida na tarar da Inna tana kankare babban kwanon sha, fuskarta sai annuri.

Ga abin da ya faru. Mata sun lura duk magen da na ɗiga wa lalle ta rayu. Gwaggo Hasiya ce ta fara ganowa, ta zo ta ce wa Inna ashe 'yarki ɓoye mana sirri take yi, allurar nan duk rufa ido ce, maganin yana cikin lallen. Inna kuwa ita ta kwaɓa na farko, don haka ita ce mai asali. Ta kwaɓa kwano guda har da matsa lemon tsami don ya kama, aka yi ta aiko yara da gwangwani. Kowace mage a garin nan ta samu rabonta. Waɗanda na yi wa alama ma an ƙara musu a kai, wai nawa ya yi kaɗan, rowa na yi. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, zane a kwance, duk sun nutse. An ce har wata akuya an shafa wa, don ta yi tari.

Na zauna a kan turmi na yi dariya har cikina ya ƙulle, daga nan kuma sai ta juye ta zama kuka na gaske. Jinin da na sha yakushi na ɗiba yana can Zariya, kuma yanzu ban san na wace ce ba. Farare masu jan kai sun fi goma a layinmu kaɗai. Masu gidan ma in ka tambaye su sai su ce kamar wannan ce, ko kuwa waccan.

Na yi wa Inna bayani a hankali. Na ce waɗanda na zaɓa manya ne, manya kuwa dama sun fi tsira, lallen alama ce kawai. Ta saurara tana gyaɗa kai, sannan ta ce, "To amma sun rayu ko ba su rayu ba?" Na ce sun rayu. Ta ce to.

Na sake bin gidaje, wannan karon ina roƙon a wanke ƙafafun magunan, don in suka lashe lalle da yawa zai iya yi musu illa. Gwaggo Hasiya ta ce baƙin ciki nake yi don an gano ni.

Lahadi, bayan sallar asuba

Kwamanda. Ban san yadda aka yi na manta da shi ba.

Lahadi, da hantsi

Na leƙa ta katanga na tambayi Gwaggo Saudatu. Ta ce gwangwanin lalle ya zo har ƙofa, maigidan ya ji daga gidanmu yake ya ce a mayar. Ashe gabar tsofaffin nan ce ta tsare mini alama ɗaya tak a duk garin. Amma ta ce yau ba zancen satar hanya, yana gida, ba ya zuwa ko'ina kwanan nan.

Na sa mayafi na yi sallama ta ƙofa kamar mutum. Yana zaune a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya tambayi aiki, ya tambayi Zariya, ya tambayi hanya. Mutan gida ne kawai bai tambaya ba. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban ɓoye zuwan farko ba, don na ga ba amfani.

Ya ce dama Saudatu ta faɗa masa wai kwanon lallenta Kwamanda ya goga. Shi kuma ya ce lallai wannan muzuru gwani ne, ya goga ƙeya a kwano ya samu ɗigo ɗaya daidai tsakiya. Na sunkuyar da kai, Gwaggo ta gudu madafi.

Da kansa ya kamo shi, ya naɗe shi a hannun rigarsa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Kwamanda ya murmure, ya yi ƙiba, ko motsi bai yi ba. Ina cikin rufe kwalba Baba Rufa'i ya tambaye ni, ba tare da ya kalle ni ba.

"Shi ya aiko ki?"

Na so in ce e. Na ce a'a, Baba, ni na zo da kaina. Ya ce to, Allah ya yi albarka, ya saki magen. Na fito ban san me na ɓata ba.

Lahadi, bayan magariba

A tsakar gida.

Laraba, bayan azahar, Zariya

Yau aka auna garkuwar Kwamanda. Jini in ya daskare wani ruwa mai launin ɗorawa yakan taso a sama, a cikinsa garkuwar take. Sai an ɗumama shi a ruwan zafi, an wanke shi da farar ƙasa, an cire duk abin da zai yaudari gwaji. Na jera na farko da na biyu a faranti ɗaya, layi sama da layi, na tsinka kowanne rabi-rabi har ƙarshe. Sannan kowane rami na zuba masa ƙwayar cutar daidai wa daida, na ba su lokaci su yi kokawa, na bi da jini.

Wannan karon maɓalli ake so. In garkuwa tana ramin za ta riƙe cutar, jini ya gangara ya dunƙule abinsa. Inda garkuwar ta tsinke ta rasa ƙarfi, nan cutar take yin galaba, shimfiɗa ta fara. Ƙa'idarmu, in na biyu ya wuce na farko da rami biyu, ya isa shaida.

Na kasa buɗe firij ɗin, Bature ne ya fito da shi. Layin farko, maɓalli ya tsaya tun a rami na biyu. Layi na biyu kuwa maɓallai ne reras har kusan bakin faranti. Cutar ta shiga gidan Baba Rufa'i, ta kama wanda yake cin kwano ɗaya da Gimbiya, a daidai kwanakin da ta mutu.

Bature ya buɗe baki, na ce kada ya soma. Ya ce cewa zai yi barka. Amma na san abin da ya haɗiye, don ni ma yana maƙogwarona: Kwamanda muka auna, ba Gimbiya ba.

Asabar, da hantsi

Gidan Baba Rufa'i na fara zuwa, don a tunanina shi ne mai buƙatar shaida. Na fito da waya na fara bayanin layi biyu. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu. Ya ce tun satin da ya wuce surukinsa ya zo daga Ƙofa ya ce can ma maguna suna mutuwa, Habu kuwa rabonsa da Ƙofa an yi shekaru. Ya ce shi ba yaro ba ne.

Na ce to Baba, in ka sani, me ya rage?

Ya daɗe yana shafa bayan Kwamanda kafin ya amsa.

"Barakatu, ranar da Gimbiya ta mutu masu dakon buhu sun zo sun yi mini jaje. Mai shayi ya zo. Wani Bafulatani da yake kawo mini nono ya tsaya ya ce Allah ya mayar da alheri. Ina zaune a zauren nan ina jiran mutum ɗaya. Bango ɗaya ne tsakaninmu. A masallaci ma sai ya canja sahu. Abin da na faɗa ranar nan ban kyauta ba, amma sai da na gaji da jira na faɗe shi."

Na mayar da wayata jaka.

Asabar, bayan azahar

Na samu Baba a sito shi kaɗai yana ɗinke bakin buhu. Ban taɓa yi masa tambaya irin wannan ba, amma na yi. Na ce Baba, me ya hana ka zuwa jaje?

Ya ci gaba da ɗinki, har na ɗauka zai koma kan damina. Sai ya ce da safen da aka ce Gimbiya ta mutu ya duba bayan buhuna, ya tarar da kwanon garin kifin an lashe shi tas. Ya ce da wane ido zai shiga zauren mutum ya ce masa ya haƙuri.

Ashe duk garin nan babu wanda ya yarda Baba ne ya kashe magen kamar Baba. Ni kuma ina ta yawo da kula ina neman shaidar da zan kai wa maƙwabci.

Na zauna a kan buhu na fito da wayar. Wannan karon ban yi sauri ba. Na nuna masa layin Kwamanda na farko da na biyu, na ce cutar ta shiga gidan, ta kama ɗan, kwanonsu ɗaya. Na ce ɓeraye ma suna lashe kwano, ai don su aka ajiye. Ya sa yatsa yana bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi. Ya tambaye ni ko zan iya rantsuwa.

"Ba zan rantse ba, Baba, don ita ban auna ta ba. Amma in ka tambayi abin da na gani, cuta ce."

Ya ce to. Wannan "to" ɗin ba irin na kwanakin baya ba ne. Sannan na faɗa masa abin da Baba Rufa'i ya ce a kan zaure da jira. Ya ajiye basillar, bai ƙarasa buhun ba.

Asabar, bayan la'asar

Baba ya yi wanka. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a da hular da ba ya sawa sai ɗaurin aure, ya aiki Inna ta ɗauko masa turare, ya ƙulle goro a leda. Inna ta tambaye shi wa ya rasu. Ya sa kai ya fita. Tafiyar da ba ta fi daga nan zuwa rijiya ba, sai da ya tsaya gyara hula a hanya.

Na bi bayansa na laɓe jikin ƙyauren zaure, Allah ya yafe mini. Ya yi sallama, aka amsa. Ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarma, can nesa, kamar baƙo. Ya ajiye goron. Suka gaisa gaisuwar mutanen da ba su san juna ba, lafiya, lafiya lau, ya gida, ya iyali. Kwamanda yana tsakaninsu da jan ɗigonsa yana lasar hannu.

"Rufa'i, ya haƙuri?"

"Da godiya."

Baba ya ɗaga hannu biyu zai yi addu'a. Ina jin babbar rigar ce ta ja shi, don sai na ji ya fara da murya mai nauyi, "Allah ya ji ƙan…" Nan ya tsaya cak. Ya tuna mage ce. Hannunsa a sama, bakinsa a buɗe, ya rasa gaba ya rasa baya. Baba Rufa'i ma ya riga ya ɗaga nasa hannun zai ce amin.

Kafaɗar Baba Rufa'i ce ta fara rawa. Ya yi ƙoƙarin dannewa ya kasa, dariyar ta ƙwace masa, ya kama gwiwar Baba yana cewa ƙarasa mana, Habu, ƙarasa, a sa ta a Aljanna. Baba ya rufe fuska da hannun riga, shi ma jikinsa yana rawa. Da ya sauke hannun na ga gemunsa a jiƙe, kuma na ga na ɗayan ma haka. Baba Rufa'i bai saki gwiwar ba.

Na saki ƙyauren a hankali na dawo gida, don wannan ba abin da 'ya za ta tsaya kallo ba ne.